Shekara 20 a Lome, bai taɓa taka bakin teku ba

Ina da wa, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya yi shekara 20 yana kai da komo tsakanin Maraɗi da Lome. Motoci yake sayowa, irin waɗanda Turawa suka gama mora, ya kawo su nan, daga nan su wuce inda kuka sani. Ya san kowace ƙofa ta tashar jiragen ruwa, ya san ɗan duwan mai sassauci da mai tsanani, ya san matar da ke yi wa ƴan Nijar tuwo da miyar kuka a Zongo. Ranar da na tambaye shi ko ruwan teku na da sanyi, sai ya dube ni sheƙeƙe ya ce: “Ni nema ya kai ni, ba wanka ba.” Ashe duk tsawon shekarun nan teku tana hannunsa na dama in ya nufi tasha da safe, tana hannun hagu in ya komo da marece, amma bai taɓa tuɓe takalmi ya taka yashinta ba.

Ba shi kaɗai ba ne. A wurinmu, tafiyar da ba ta fatauci ba ce, ba ta aikin hajji ba, ba ta asibiti ko gaisuwar mutuwa ba, almubazzaranci ce. Yawon buɗe ido mun bar wa Nasara, su da suka riƙa zuwa Agadas kallon rairayi muna yi musu dariya. Ni ban yarda da wannan ra'ayi ba, kuma ba da baki kawai ba. A babban hutun ƴan lakwal na 2022, cikin watan Agusta, na kwashe kuɗɗin da na tara don canza babur, na ɗauki uwargida da yara uku muka nufi Lome. Dalilina guda ne. Yaran nan an koya musu a aji cewa Nijar ba ta da mafita ta teku, sun haddace, sun rubuta a jarrabawa, sun ci maki. Amma shinkafar da ke cikin kwanonsu, da man girki, da ƙarfen da aka yi rufin ajin da shi, yawancinsu ta wannan ruwa suka iso. Na ga bai kamata su girma suna cin arzikin abin da ba su taɓa gani ba.

Mun bi tsohuwar hanya: Doso, Gaya, gadar kogin Kwara, Malanbil, Paraku, har Kotonu. Daga Yamai zuwa Kotonu ya haura kilomita 1000, daga nan zuwa Lome kusan 150. Sai dai kada mai karatu ya ɗauki wannan hanya tamkar yadda na bar ta. Bayan juyin mulkin 26 ga watan Yuli 2023 an rufe gadar Gaya, matafiya suka koma ƙetare kogi da kwalekwale, manyan motocin kaya kuma suka koma bi ta Burkina da rakiyar soja. A watan Janairun 2025 Nijar ta fita daga CEDEAO. Don haka wanda ya yi niyya, ya fara zuwa tasha ya tambayi direbobin da suka dawo cikin makon nan, ya kuma tambayi takardun da ake nema a iyaka. Mai hali ya bi jirgin sama, tun da kamfanin ASKY a Lome mazauninsa yake. Abu biyu ne ke sauƙaƙa wa ɗan Nijar: kuɗɗin sefa ɗaya ne, jikka a Maraɗi jikka ce a Lome, kuma faransancin lakwal ya isa tambayar hanya. A riƙe katin rigakafin cutar shawara na kowane yaro, kuma a mai da agogo baya da awa guda in an shiga Togo, in ba haka ba a tashi sallar asuba gari bai ko yi niyyar wayewa ba.

A Aneho, garin farko bayan iyaka, inda ruwan tafki ke haɗuwa da teku kusa da gada, a nan yaran suka gan ta sosai. Motar ta yi tsit a kujerunmu. Autata, wadda iyakar ruwan da ta sani shi ne Gulbin Maraɗi mai zuwa da damina ya tafi da rani, ta jawo hannun rigata ta ce: “Baba, ina ɗaya gaɓar?” Na ce mata tana nan, sai dai jirgi na yin kwana da kwanaki kafin ya kai. Ba ta yarda ba, har yau ma ina jin ba ta gama yarda ba.

Abu mafi daɗi a Lome kyauta ne. Bakin teku ya bi gaban garin tun daga iyakar Gana har zuwa tashar jiragen ruwa, da itatuwan kwakwa jere, ba mai tambayar ka dala. Kuma watan Agusta lokaci ne mai kyau ga mutumin Sahel: babbar daminarsu ta wuce, ƙaramar ba ta kama ba, sama a lulluɓe, iska mai sanyi, har uwargida ta nemi mayafi mai kauri. A tafi da sassafe, lokacin da masunta ke jan taru. Mutum ashirin ko talatin kan kama igiya guda, suna ja da baya taki ɗaya suna waƙa, awa biyu ko uku kafin tarun ya fito, mata na tsaye da manyan kwanoni suna jira. Babban ɗana ya shiga layi ya ja tare da su har hannunsa ya yi kanta, aka sallame shi da ƙananan kifi huɗu. Ban taɓa ganin ya yi alfahari da wani abu kamar kifin nan ba.

Amma a nan zan ja kunne, da babbar murya. Tekun Lome ba tafki ba ce. Gaɓar tana da gangara, igiyar ruwa tana dukan ƙasa da ƙarfi, in za ta koma kuma sai ta kwashe yashin da ke ƙarƙashin ƙafarka ta ja ka ciki. Kwana na biyu, ɗana na tsakiya yana tsaye ruwa iyakar ƙwauri, ina riƙe da takalmansa ina kallon wani jirgi, sai wata igiya ta zo ta kayar da shi ta yi ciki da shi. Wani saurayi mai sayar da kwakwa ne ya yar da addarsa ya cafko shi ta wuyan riga. Abin bai kai ƙiftawa uku ba. Laifina ne, ba na yaron ba, don na ga ƴan garin da aka haifa a nan ba su shiga, ni ɗan tudu na bar nawa ya shiga. Daga ranar, sai dai su jiƙa tafin ƙafa hannunsu cikin nawa. Kuma da magariba ta yi a bar wurin, kamar yadda masu masaukinmu suka gargaɗe mu.

In ka tsaya a yashin ka dubi ruwa, za ka ga ƙarafa baƙaƙe sun miƙa cikin teku, tsatsa ta cinye su. Ragowar tsofaffin gadojin sauke kaya ne: Jamusawa, da suka mai da Lome babban birni a 1897, sun gina tasu a 1904, Faransawa suka yi wata a 1928. A da jirgi ba ya iya matsowa gaɓa, sai ya tsaya nesa a riƙa kwaso kaya da mutane cikin ƙananan jirage. Sai a 1968 aka buɗe tashar yanzu mai zurfi, wadda wana ya ƙare ƙuruciyarsa a ƙofofinta. Wannan tasha ta yi wa Togo arziki, ta yi mana rana, amma ta zo da nata ciwo. Ruwan yankin yana tura yashi daga yamma zuwa gabas. Doguwar katangar duwatsun tashar ta tare shi, sai gaɓar gaban birni ta yi ta faɗi, ta gabas kuma teku ta yi ta cinye ta, har da gidaje da tsohuwar hanyar Aneho. Na nuna wa yara guntun kwalta da ruwa ke duka. Mu da hamada ke ci mana gonaki, ba mu sha wuyar fahimtar zancen ba.

Babbar kasuwa ranar uwargida ce. A nan ne matan da ake kira Nana Benz suka yi suna tun shekarun 1960 zuwa 1980, suna sarin atamfar Holan suna rarraba ta har ƙasashenmu, suka sayi motocin Mercedes tun manyan ma'aikata na hawan keke. Gobarar watan Janairun 2013 ta cinye babban ginin, atamfar Sin kuma ta karya farashi, amma har yanzu turmi ya fi yawan zaɓi a can, kuma ciniki sai mai haƙuri. Ni na jira a inuwar babbar majami'ar da Jamusawa suka gina a 1902, ina shan ruwan kwakwa. Gidan gwamnan Jamus, da aka gama a 1905 aka kuma buɗe wa jama'a a 2019, ya cancanci yini guda saboda lambunsa da zane-zanen da ake nunawa. Kasuwar bokaye ta Akodesewa kuwa mun leƙa mun fito. Ƙoƙunan birai da busassun tsuntsaye ne, yara suka toshe hanci.

Inda na fi daɗewa shi ne Zongo, kuma ba don tuwo kaɗai ba. Zongon farko a tsakiyar birni yake, inda fataken goro da na shanu daga ƙasar Hausa da Zabarma suka sauka tun zamanin Jamus. A 1977 hukuma ta rushe unguwar, aka kwashe mutanenta zuwa bayan gari, wajen kilomita 15 arewa, a filin kuma aka tayar da benayen bankuna. Yau birni ya bi su ya cim musu, kuma a gefensu ne motocin Nijar da Burkina da Mali ke tsayawa kafin su kama hanyar arewa. Na yi sallar Juma'a a can, na zauna da wani dattijo da aka haifa a tsohon Zongo, kakansa mutumin Tasawa ne. Hausarsa garau, sai dai ta sha ruwan Mina, kuma bai taɓa ganin Tasawa ba. Ya yi ta tambaya ta ko har yanzu ana dakan fura da hantsi, ni kuma ina tambayar shi yadda aka yi da kaburburan iyayensu da gidajen da aka bari. Yarana suna zaune suna saurare, suna cin tsiren da a can ake kira cicinga. A ranar suka gane cewa Bahaushe ya riga kwantena zuwa wannan gaɓa.

Kwana ɗaya muka ware wa Agbodarafo, wajen kilomita 30 gabas da Lome, kusa da tafkin Togo. Akwai wani tsohon gida a can da aka gina wajen 1835, bayan Ingila ta haramta cinikin bayi a 1807, wato lokacin da cinikin ya koma na ɓoye. Sama falo ne na attajirai, da teburi da kujeru. A tsakiyar daɓen katako akwai ƙofa, ƙarƙashinta rami ne wanda tsayinsa bai wuce mita ɗaya da rabi ba, babba ba ya iya miƙewa. A nan ake tara mutane makonni kafin jirgi ya zo. Mun shiga a duƙe. Da muka fito babban ɗana ya tambaye ni: “Baba, su wa ake sayarwa, su wa ke sayarwa?” Na gaya masa gaskiya: masu saye daga ƙetare suke, amma masu kamowa da masu kaiwa baƙaƙe ne irinmu, cikin waɗanda aka kai kuma har da mutanen arewa, kuma kasuwanninmu na Sahel ma sun san wannan ciniki. Bai ƙara magana ba har muka hau kwalekwale zuwa Togobil, ƙauyen da ƙasar ta samo sunanta.

Kada a ce na ɓoye tsada. Kwana takwas sun cinye kuɗɗin babur ƙaf, har yau tsohon nake turawa in ya ƙi tashi. Abin da ya rage mana nauyi shi ne mun sauka gidan haya mai wurin girki, ba otel ba, muna sayen kifi a gaɓa da doya a kasuwa, muna hawa taksi a maimakon kabu-kabun da suke kira zemijan, don ban yarda in ɗora yaro a kansu ba.

Ana gobe za mu taso, wana ya iso garin karɓar motoci. Na ce: “Yaya, yau kam sai ka raka ƴaƴanka.” Ya yi gunaguni, ya ce yana da alkawari da mai fitar masa da takardu, amma autar ta riƙe masa babbar riga har ya bi mu. Ya naɗe ƙafar wando, ya tsaya inda kumfa ke ƙarewa, ya ƙirga jiragen da ke jiran shiga tasha, ya nuna wani mai kama da katon akwati ya ce na motoci ne, wataƙila nasa na ciki. Sannan ya duƙa ya ɗebi ruwan da tafin hannu ya kai baki, ya tofar, ya ce wa yarinyar: “Ke, wa ya zuba gishiri haka?”