Kazar Siliki da Haƙƙinta a Kan Mai Kiwonta

A cikin dangin kaji da wuya a sami wadda take jan hankalin mai kallo kamar kazar siliki. Gashinta lallausa ne tamkar auduga, fatarta da ƙasusuwanta baƙaƙe ne, kunnuwanta shuɗaye, kuma yatsu biyar gare ta a kowace ƙafa, alhali yawancin kaji huɗu suke da su. Asalinta daga ƙasar Sin ne, inda gundumar Taihe ta lardin Jiangxi ta yi suna wajen kiwonta, kuma Sinawa suna kiranta da sunan da ke nufin kaza mai baƙin ƙashi. Tun cikin ƙarni na 13 matafiyin nan Marko Polo ya ba da labarin wasu kaji masu gashi irin na kyanwa da ya gani a can. A shekarar 1874 aka shigar da ita cikin kundin jinsunan kaji na Amurka. A yau ana kiwonta a Turai da Amurka saboda ado da kuma iya kwanci.

To, sai dai masu kiwonta a waɗannan ƙasashe masu tsananin hunturu sun daɗe suna kuka da abu biyu. Na farko, da magariba ta yi, maimakon ta hau sandar kwana kamar sauran kaji, sai ta rakuɓe a ƙasa cikin 'yan uwanta. Na biyu, takan yi rashin lafiya ko ta mutu a lokacin sanyi, duk da tulin gashin da ke jikinta. Wasu kan ɗora mata laifin taurin kai, su riƙa ɗaukarta kowane dare suna ɗorawa a kan dogon sanda. Wasu kuma kan toshe kowace kafa ta akurki, su kunna fitilar ɗumama. Dukansu biyu sun yi kuskure, domin sun yanke hukunci tun kafin su dubi halittar kazar.

Sirrin yana cikin gashi. Idan ɗalibi ya ɗauki gashin fiffiken kazar gida ya duba da madubin ƙara girma, zai ga sanda guda a tsakiya, da rassa a gefe da gefe, kuma kowane reshe yana da nasa ƙananan rassa masu 'yan ƙugiyoyi. Waɗannan ƙugiyoyi su ne ke sarƙe rassan su zama shafi guda, wanda yake tare iska idan tsuntsu zai tashi, ruwa kuma ya zame a kansa. Gashin kazar siliki ba shi da ƙugiyoyi masu aiki, don haka kowane zare yana zaman kansa. A shekarar 2014 masana suka gano cewa wani sauyi da ya shafi aikin ƙwayar halitta mai suna PDSS2 shi ne sanadin hakan, kuma tsako ba ya fitowa da wannan gashi sai ya gaji sauyin daga uwa da uba duka. Baƙin fatar kuwa, binciken da aka wallafa a 2011 ya danganta shi da ninkuwar ƙwayar halitta EDN3.

Daga nan amsar tambaya ta farko ta fito fili. Kakannin kaji, wato kajin daji na kudanci da kudu maso gabashin Asiya, a kan bishiya suke kwana don guje wa namun dawa, kuma kajin gida sun gaji wannan ɗabi'a. Amma fiffiken da ba ya tare iska ba ya ɗaga mai shi. Kazar siliki ba ta iya tashi zuwa sanda mai tsawon mita guda, in kuma an ɗora ta, to da safe faɗowa za ta yi, ba sauka ba. Ga shi kuma tukkun da ke kanta yakan rufe mata ido, ba ta ganin inda za ta dira. Mai ɗora ta a sama yana jawo mata targaɗe ne da sunan tarbiyya.

Masu son a raba ta da ƙasa suna da hujjar da ba za a raina ba. A ƙasa ne kashi ke taruwa, nan ɓera ke yawo, nan kuma danshi ke kwana. Idan kaji suka cunkushe a kusurwa guda, ƙananan da ke ƙarƙashi suna iya shaƙewa. Wannan duk gaskiya ne, amma maganinsa shi ne a sauko da sandar zuwa inda kazar za ta kai. Sanda mai faɗi, wadda tsawonta daga ƙasa bai wuce santimita 20 zuwa 30 ba, da ɗan katako a jingine a matsayin matakala, ya isa. Faɗin sandar yana da amfani, domin kaza takan zauna a kan ƙafafunta ta lulluɓe yatsunta da gashin ƙirji. Wadda ta koyi hawa, madalla. Wadda ta ƙi, sai a bar ta a ƙasa, a shimfiɗa mata busasshiyar dusar katako mai kauri, a riƙa sauyawa a kai a kai.

Batun sanyi kuwa darasi ne na kimiyyar zafi. Zafin jikin kaza ya kai kimanin digiri 41 a ma'aunin Salshiyas, kuma abin da ke riƙe mata wannan zafi shi ne iskar da gashi ya tsare kusa da fata. Muddin gashin kazar siliki a bushe yake, yana yin wannan aiki gwargwado. Da zarar ya jiƙe, sai ya manne da fata kamar tsumma, ruwa ya maye gurbin iska. Ruwa kuwa yana ɗauke zafi fiye da iska sama da sau 20. Yayyafin da kazar gida za ta kakkaɓe ta wuce, ita wannan yana ratsa ta har fata. Haka nan gashin ƙafafunta yakan kwashi taɓo da dusar ƙanƙara, su daskare a kan yatsu. Saboda haka wajibi ne filin kiwonta ya kasance da rufi, mazubin ruwanta ya zama mai ƙaramin baki don kada tukku ya tsoma, kuma wadda ta jiƙe a busar da ita kafin dare.

A nan ne mai toshe akurki yake yi wa kansa sakiyar da ba ruwa. Kusan kashi 75 cikin 100 na kashin kaji ruwa ne, numfashinsu ma yana fitar da tururi. Idan babu mafita, tururin yakan sauka a kan gashi da bango, iskar amoniya da ke tashi daga kashi kuma ta illata idanu da hanyar numfashi. Abin da ya dace shi ne a bar kafofi a can sama kusa da rufi, yadda gurɓatacciyar iska za ta fita ba tare da ta bugi kaji kai tsaye ba. Ita kuwa fitilar ɗumama, a ɗakin da ke cike da ƙura da dusar katako, gobara ce ke jiran lokacinta. Kuma in wuta ta ɗauke cikin dare, kajin da suka saba da ɗumi sai su afka cikin sanyin da jikinsu bai shirya masa ba. Isasshen abinci da ruwan da bai daskare ba sun fi musu amfani, sai fa tsaki ko marar lafiya.

Mai kiwon wannan kaza a ƙasar Hausa ba ya fama da ƙanƙara, kuma sanyin hunturu busasshe ne. Damina ce lokacin da ya kamata ya fi sa ido a kan jiƙewa, hunturu kuma ya tuna da rigakafin cutar Niyukasil, wadda ta fi yin ɓarna a wannan lokaci. Ya kuma sani cewa kazar da tukku ya rufe wa ido ba ta hangen shirwa.

Daga ƙarshe, ɗan Adam ne ya zaɓi wannan gashi ya yi ta hayayyafa shi ƙarni bayan ƙarni, don kawai ya burge shi. A dawa, kazar da ba ta tashi ba ta daɗewa. Wanda ya raba ta da fiffike, shi ke da alhakin sama mata makwancin da za ta kai da rufin da zai tsare ta. Ita ma tana biyan nata, domin ko da yake ƙwanta bai cika wuce 100 zuwa 120 a shekara ba, tana kwanci a kan ƙwan kaza ko na agwagwa, ta reni 'ya'yan kamar nata. Malamin da ya kawo gashi biyu cikin aji, na kazar gida da na siliki, ya ɗiga wa kowanne ruwa, zai nuna wa ɗalibansa dalilin duk wannan cikin minti biyar.