Dick Tiger Da Kayensa 19: Da Me Ake Auna Ɗan Dambe?

Gabatarwa

Duk wanda ya duba littattafan da masu damben zamani ke ajiye tarihin 'yan wasansu, zai tarar an rubuta lambobi uku a gaban sunan kowane ɗan dambe, watau yawan wasannin da ya ci, da waɗanda aka cinye shi, da kuma waɗanda aka tashi kunnen doki. A gaban sunan Richard Ihetu, mutumin Amaigbo ta ƙasar Ibo, wanda duniya ta fi sani da Dick Tiger, abin da aka rubuta shi ne 60 da 19 da 3. Lambar nan ta tsakiya ita takan sa samarin yau su taɓe baki, domin sun tashi a zamanin da ake ganin ɗan damben ƙwarai shi ne wanda ba a taɓa cinyewa ba. Amma kuwa mutumin nan da aka kayar har sau 19 ya riƙe kambun duniya sau uku a ajin nauyi biyu, an kuma sa sunansa a zauren tunawa da gwanayen dambe na duniya a 1991. Ashe ke nan ƙidayar kaye ma'auni ne mai yaudara. Abin da ya kamata a tambaya shi ne, wa ya kayar da shi, a wane hali aka kayar da shi, kuma me ya yi bayan an kayar da shi.

Kayen Baƙunci

An haifi Dick Tiger a 1929, ya kuma fara damben kuɗi a gida Nijeriya a farkon shekarun 1950. A ƙarshen 1955 ya tafi birnin Liverpool na Ingila, inda ya riƙa aikin ƙarfi a masana'anta da rana, da yamma kuma ya je wurin koyo. Sanyi bai saba da shi ba, abincin ƙasar bai karɓe shi ba, salon damben Turawan Ingila kuma, na kai ɗan naushi a ja da baya a tara maki, ya sha bamban da wanda ya sani. Wasanninsa huɗu na farko a can duka cinye shi aka yi da maki. Da wani ne, da tuni ya tattara nasa ya nasa ya dawo gida, tarihinsa ya tsaya a nan.

Wani abin da ya faru a 1957 ya isa misali ga masu dogara da lamba. Akwai wani saurayi Bature mai suna Terry Downes da ake tallarsa a Landan, bai daɗe da shiga damben kuɗi ba, sai masu kula da shi suka nemo masa abokin karawar da ba zai ba shi wahala ba. Suka duba takarda, suka ga wani baƙar fata da aka sha cinyewa, suka ce ga tsani ya samu. Dick Tiger ya yi wa yaron nan dukan da sai da aka tsai da wasan. Shi Downes ɗin ba rago ba ne, don kuwa ya zo ya ci kambun duniya a 1961. Takardar ce ta yi musu ƙarya, domin ta gaya musu sau nawa aka ci mutumin, amma ba ta gaya musu abin da ya koya daga cin ba. A shekarar da ta biyo, watau 1958, Tiger ya buge Pat McAteer ya karɓi kambun daular Ingila na ajin matsakaita nauyi, wanda iyakarsa laba 160 ce.

Kayen Sa'o'i

A 1959 ya ƙaura zuwa New York ta Amurka, can ma sai da ya sake biyan kuɗin baƙunci. Rory Calhoun ya cinye shi, Joey Giardello ya rama cin da ya yi masa, Wilf Greaves kuma ya ƙwace masa kambun daular Ingila a ƙasar Kanada a 1960, ko da yake bai bari shekarar ta fita ba sai da ya karɓe abinsa. A watan Oktoba na 1962, yana da shekara 33, ya ci Gene Fullmer a San Francisco ya zama zakaran duniya, ɗan Nijeriya na biyu da ya kai wannan matsayi bayan Hogan Bassey, wanda ya ci nasa kambun a Paris a 1957. Suka sake karawa a Las Vegas aka tashi kunnen doki. Karo na uku kuwa, ranar 10 ga Agusta, 1963, a filin wasa na Liberty da ke Badun aka yi shi, shi ne kuma damben neman kambun duniya na farko da aka taɓa yi a ƙasar nan. Bayan turmi na bakwai Fullmer bai sake tasowa daga kusurwarsa ba.

To, a nan ne fa mai karatu zai lura da halin mutumin. Wata huɗu kacal bayan bikin Badun, ya ɗauki kambun nan ya aza a gaban Giardello, mutumin da ya riga ya ɗanɗana hannunsa ya kuma san zai iya cinye shi. Haka kuwa aka yi, a Disamba 1963 Giardello ya cinye shi da maki. Sai da Tiger ya yi kusan shekara biyu yana bin sawu kafin a ba shi damar ramuwa. A cikin jiran nan bai zauna yana gadin sunansa ba, ya kara da Joey Archer aka cinye shi, ya kara da Rubin Carter, wanda kowa ke shakka, ya kai shi ƙasa har sau uku. A watan Oktoba na 1965 ya karɓe kambunsa daga hannun Giardello. Karawarsu huɗu ke nan, kowa ya ci biyu. Wa zai dubi wannan ya ce ɗayansu rago ne? Hausawa na cewa sai an gwada akan san na ƙwarai, gwaji kuwa ba ya yiwuwa sai da sa'a, sa'a kuma yau kai ne gobe shi ne.

A watan Afrilu na 1966 Emile Griffith ya ƙwace kambun a wani wasa na turmi 15 wanda yawancin 'yan jaridar da ke gefen fage suka ga Tiger ne ya ci. Yana da shekara 36 a lokacin, shekarun da akasarin 'yan dambe ke ajiye safar hannu. Maimakon haka sai ya haura zuwa ajin da ke sama da nasa, na laba 175, inda kusan kowa ya fi shi tsawo da nauyi, ya cinye José Torres a Disamba 1966, ya sake zama zakaran duniya. Da ba a kayar da shi a Afrilu ba, mai yiwuwa ne da bai nemi wannan kambu ba, wanda a yau shi ne babban abin da ake tunawa da shi.

Ya kamata kuma a san cewa cikin kayen nan 19, guda 17 da maki ne, watau ya kai ƙarshen wasa a tsaye, alƙalai ne suka yanke hukunci. A damben gargajiya na Hausawa, idan aka gama turmi uku ba kisa, ba mai cewa an ci wani, sai a raba su kowa ya koma wurin mutanensa. Kuma ba a ajiye littafin ƙidaya, makaɗa ne ke riƙe da tarihi, kamar yadda Ɗan Anace ya riƙe na Shago, su kuwa abin da suke kambamawa shi ne irin mazajen da gwaninsu ya shiga fage da su. Wannan ma'auni, duk da rashin alƙalami da takarda, ya fi na Turawa kusa da gaskiya a wannan fuska.

Kayen Tsufa Da Na Buƙata

Ba kowane kaye ne abin yabo ba, wannan kuwa wajibi ne a faɗe shi. Yaƙin basasar Nijeriya ya ɓarke a 1967, Dick Tiger kuma ya bi ɓangaren Biyafara, har aka ba shi muƙamin laftana a rundunarta. A 1969 ya mayar wa Ingila lambar girman da ta ba shi, saboda goyon bayan da take bai wa gwamnatin tarayya. Mutumin da aka sani da tattali, wanda ya zuba gumin dambensa a gidaje da kadarori a gida, sai ya wayi gari yaƙi ya raba shi da mafi yawansu, ga iyali, ga dangi, ga kuma taimakon da yake aikawa. Daga nan dambe ya tashi daga neman suna ya koma neman abin sawa a baka.

A cikin wannan hali ne ya amince ya kara da Bob Foster a watan Mayu na 1968, bayan an lamunce masa dala 100,000. Foster saurayi ne a kansa, tsawonsa ƙafa 6 da inci 3, Tiger kuwa ƙafa 5 da inci 8. A turmi na huɗu Foster ya sakar masa bahagon naushi, ya faɗi, aka ƙirga goma bai tashi ba. Wannan ne karo ɗaya tak a rayuwarsa da aka ƙirga masa goma. Gaba dai da gabanta. Duk da haka bai ƙare ba, domin a shekarar ce ya ci Frankie DePaula a wani wasa da kowannensu ya sha ƙasa sau biyu, wanda mujallar The Ring ta zaɓa a matsayin wasan shekara, a 1969 kuma ya cinye Nino Benvenuti, zakaran duniya na lokacin, a wasan da ba na kambu ba. Wasansa na ƙarshe a Yuli 1970 ne, yana da shekara 40, inda Griffith ya sake cinye shi da maki. Bayan haka sai ga tsohon zakaran duniya yana gadi a wani gidan adana kayan tarihi a New York. Can aka gano yana da ciwon daji a hanta, ya dawo gida, ya rasu ranar 14 ga Disamba, 1971, yana da shekara 42.

Irin wannan kaye na ƙarshe shi ne ya cancanci a yi baƙin ciki a kansa, laifinsa kuwa ba na ɗan damben ba ne shi kaɗai. Dambe sana'a ce da ba ta da fansho, jiki ne jarinta, naushin da ya sauka a ka kuma ba ya komawa. Duniya ta ga abin da ya sami Muhammadu Ali a 1980, sa'ad da aka bar shi yana da shekara 38 ya shiga fage da Larry Holmes, ya sha duka turmi goma kafin mai koyar da shi ya tsai da wasan. Idan tsohon ɗan dambe ya shiga fage don bashi ko don yunwar iyali, masu shirya wasa da hukumomin da ke ba da lasisi su ne ya kamata a tuhuma, don su ke cin riba da sunan da ya yi tun yana da ƙarfi.

Mai Ja Da Wannan Ra'ayi

Wani zai ce, ai gwani gwani ne, wanda ba a taɓa cinyewa ba dole ya fi wanda aka cinye sau 19. Zai kawo misalin Rocky Marciano da ya bar dambe da nasara 49 ba kaye, ko Floyd Mayweather da ya kai 50 a 2017. Ba mai musun gwanintar waɗannan. Sai dai illar da bautar sifiri ta jawo ita ce, yanzu masu kula da 'yan dambe sun koyi zaɓen abokan karawa kamar yadda ake zaɓen tumatir a kasuwa, a ɗebo wa yaro raunana ashirin ya buge, manyan kuwa su yi ta kewaye juna shekara da shekaru, wasan da jama'a ke son gani ba zai yiwu ba sai ƙarfinsu ya fara ja baya. Ɗan damben da ke fita sau ɗaya ko sau biyu a shekara, ya kuma zaɓi wanda zai fita da shi, ba daidai ba ne a aza lambarsa kusa da ta wanda ya yi wasa 82, da yawa daga cikinsu a garuruwan abokan karawarsa, a gaban alƙalansu.

An ga irin wannan gaggawar hukunci a kan Anthony Joshua, ɗan asalin Nijeriya da ke wakiltar Ingila. Da Andy Ruiz ya buge shi a New York a 2019, nan take aka ce ya ƙare, sai ga shi ya karɓe kambunansa kafin shekarar ta fita. Oleksandr Usyk ya cinye shi a 2021 da 2022, Daniel Dubois kuma ya buge shi a 2024. Ana iya jayayya a kan matsayinsa cikin gwanaye, amma wanda zai yi jayayyar ya fara da duba ko su wane ne mutanen nan uku, kada ya tsaya ga ƙirga yatsu.

Kammalawa

Kayen Dick Tiger iri uku ne. Na farko kuɗin makaranta ne da baƙo ya biya a ƙasar da ba tasa ba. Na biyu hakkin wanda ya ƙi gudun sa'o'insa ne. Na uku kuwa tsufa da yaƙi da buƙata ne suka tura shi. Wanda ya haɗa su duka ya kira su 19 bai faɗi kome ba game da mutumin. Abin takaici shi ne, ɗan damben da ya tara 'yan Nijeriya na kowane yanki a Badun a 1963 suna murna da shi, yau sai a zagaye ɗaliban jami'a da yawa kafin a sami mai iya faɗin ko wane ne shi. Ana iya saɓa masa a kan ɓangaren da ya bi a lokacin yaƙi, amma tun a 1970 gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta shelanta cewa a yaƙin nan ba wanda ya ci, ba wanda aka ci. Idan har an yarda da wannan a fagen fama, ya kyautu hukumomin wasanni da masu rubuta tarihin ƙasa su mayar wa mutumin nan matsayinsa, su kuma tanadi abin da tsofaffin 'yan wasa za su dogara da shi, don kada buƙata ta sake mayar da wani fage bayan lokacinsa ya wuce.