Dillalin Ilmi Sai Ya San Kasuwa

Duk wanda ya taɓa zuwa karar Wudil ran Jumma'a ya san baƙo ba ya sayen sa sai da dillali, don shi ya san lafiyayye, shi ya san mai ciwo. To, ma'aikacin laburare shi ma dillali ne, amma na ilmi. Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana shi ne samari da 'yan matan da ke koyon aikin laburare a jami'ar Wudil, wadda aka buɗe cikin 2001, aka sake mata suna cikin 2022 ta zama Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Ɗangote.

Sa'ad da aka fara koyar da wannan aiki a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya cikin 1968, in mutum ya iya jera littattafai bisa lambobin Dewey, ya iya rubuta kati ya sa a akwati, ya isa a kira shi gwani. Yanzu kuwa kasuwa ta tashi ta koma wani wuri. Katin ya koma cikin kwamfuta, mujallun masana da yawa kuma sai ta intanet ake samunsu.

Wani zai ce ai yaran yanzu da waya suka tashi, ga shi kuma tun 2015 da kwamfuta ake jarrabawar JAMB ta shiga jami'a. Wannan gaskiya ne, amma riƙe sanda ba shi ne kiwo ba. Aika hoto ga aboki dabam, nemo wa malamin gona bayanin ciwon tumatir dabam. Intanet kasuwa ce marar sarki, gaskiya da ƙarya rumfarsu ɗaya. In dillali bai rarrabe su ba, wa zai rarrabe wa mai saye?

Saboda haka muna ba da shawara uku. Ta farko, kada a ba ɗalibi takardar shaida sai ya shigar da littattafai da hannunsa cikin tsari irin su Koha, ba a allo kaɗai ba. Ta biyu, a koya masa bin asalin labari, wa ya rubuta, yaushe, da wace hujja. Ta uku, a koya masa ɗaukar hoton tsofaffin takardun Larabci da na ajami da ke gidajen malamai, tun gara ba ta gama da su ba.

Ku kuma malaman makaranta da akawuna, naku ne. In kun je laburare ku tambayi abin da kuke bukata, kada ku ji nauyi, gama tambayarku ita ke wasa ma'aikaci. Ɗaliban kuwa su sani ranar neman aiki ba takarda kaɗai za a duba ba, kwamfuta za a ajiye gabansu a ce bismilla. Allah ya sa mu dace, amin.