Marubuci Mai Aikin Albashi

Ƙorafin da ya fi yawa a bakin matasan marubutan Gombe shi ne aiki ya cinye musu lokaci: malamin makaranta a Pantami, ma'aikaciyar jinya, mai tsaron shago a Jekadafari, kowa da littafinsa da ya tsaya a babi na uku. Ni dai ban yarda aikin ne ya tsayar da su ba. Lokacin da Rupert East ya shirya gasar rubutun Hausa a 1933, Abubakar Imam yana koyarwa a Midil ta Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja, Abubakar Tafawa Ɓalewa kuma yana malanta a Bauchi ya rubuta Shaihu Umar. Abin da ya ja su shi ne wa'adi, da sanin akwai mai jiran karantawa. Namu kuwa jiran hutun ƙarshen shekara suke yi, ya zo ya tarar da biki da ta'aziyya. Gara mutum ya ƙwaci rabin sa'a bayan sallar Asuba, kafin yara su fara neman takalmin makaranta, waya tana kife, ya cika shafi ɗaya ko da tarkace ne. Hirar da ya ji cikin Keke Napep daga Tumfure zuwa babbar kasuwa, ya rubuta ta kafin ta huce. Sannan ya ɗaure kansa da alkawari: mata suna da gasar Hikayata ta BBC Hausa tun 2016, saura su nemi aboki marar kunya wanda zai riƙa tambayar babi na huɗu duk Juma'a.