Tsarabar Masar da Rubutun Tsaraba



Duk wanda yake da ɗan uwa mai karatu a Azhar, ko wanda ya je Alƙahira ganin likita ko saro kaya, ya san irin tsarabar da ake dawowa da ita: takarda mai ruwan ƙasa da aka yi wa zanen mutanen da, ɗan ƙaramin dala na dutse, zobe mai siffar buzuzu, farantin tagulla mai ado. A kan waɗannan kaya za mu yi magana yau. Ra'ayinmu shi ne, a cikin masu yin su akwai wanda yake raya gadon kakanninsa, akwai kuma wanda yake sayar da hoton gadon kawai, kuma abin da ya raba su biyun shi ne yake raba marubuci da mai kwafi.

Mu fara da kasuwar. Khan al-Khalili tana tsakiyar tsohon birnin Alƙahira, dab da masallacin Husaini da na Azhar. Sunanta ya samo asali ne daga Jaharkas al-Khalili, wani babban bafaden Sarki Barƙuƙ, wanda ya gina masaukin fatake a wurin a ƙarshen ƙarni na 14. Yau idan mutum ya bi lungunanta, fuskoki uku ko huɗu ne zai yi ta cin karo da su a kowane shago: Tutankhamun, wanda Howard Carter ya gano kabarinsa a 1922; Nefertiti, wadda aka tono mutum-mutuminta a 1912 kuma har yanzu yana Balin ta ƙasar Jamus; sai dalan Giza. Masar ta da ta yi fiye da shekara dubu uku tana gini da zane da rubutu, amma kasuwar baƙi ta tace duk wannan ta bar 'yan hotunan da baƙo ya riga ya sani tun daga gida.

Alamomin da ake sayarwa kuwa kowace da ma'anarta a wurin masu ita. Misirawan da sun lura da yadda buzuzu ke mirgina dunƙulen kashi, sai suka kwatanta shi da yadda rana ke ketare sama, ya zama alamar fitowar rana da sabuwar rayuwa, suna sassaƙa shi su yi hatimi ko laya. Alamar nan mai kama da mabuɗi da ake kira ankh, a rubutunsu tana nufin rai. Doguwar da'irar da ake zana sunan mutum a ciki, ta sarakuna ce. Yanzu da 'yan kuɗi kaɗan maƙerin azurfa zai zana maka Binta ko Sani a cikinta, harafi da harafi, yana duba wani jadawali da ke manne a bango. Alhali rubutun na ainihi ba ya rubuta wasula, kuma yana da alamomin da ke ɗauke da baƙi biyu ko uku a haɗe, da waɗanda ba a furta su sam, aikinsu kawai su nuna nau'in kalmar. Rubutu na ƙarshe da aka sani da wannan salo an yi shi a shekarar 394 a tsibirin Filae, daga nan karatunsa ya ɓace har sai da Champollion ɗan Faransa ya warware shi a 1822. Saboda haka galibi mai sayarwa da mai saye duk ba su iya karanta abin da ke hannunsu.

Labarin takardar ya fi ba da sha'awa. Ana yin ta ne da wata ciyawar fadama mai dogon kara wadda Larabawa ke kira bardi. Sana'ar ta mutu ɗaruruwan shekaru bayan zuwan takardar da muka sani, ita kanta ciyawar ta kusa ƙarewa a Masar. Dakta Hassan Ragab, injiniya kuma tsohon jakadan Masar a ƙasar Sin, shi ya farfaɗo da ita a shekarun 1960, bayan ya yi ta gwaji har ya gano yadda ake haɗa ta. A yau ƙauyen Ƙaramus da ke lardin Sharƙiyya shi ne ya shahara da noman ciyawar da sarrafa ta. Ana yanke karan, a ɓare koren bayansa, a yanyanka farin cikin siriri-siriri, a jiƙa a ruwa na kwanaki, a jera wasu a tsaye wasu a kwance, sannan a danne da matsi har su manne da juna su bushe. Babu gam a ciki. Idan ka ɗaga ta gaban haske za ka ga layukan sun gitta juna. To a gefen wannan sai ga ta bogi, wadda ake yi da ganyen ayaba, a buga mata zane da inji, a yi ta tallarta a bakin wuraren tarihi da araha. Tana karyewa idan aka naɗe ta. Araha dai ba ta ado.

Abin bai tsaya nan ba. An kai lokacin da ƙananan dala da fitilun azumi da ake sayarwa a Alƙahira da yawansu daga masana'antun ƙasar Sin ake shigo da su, har gwamnatin Masar ta hana shigo da irin waɗannan kayan gargajiya a 2015. A nan darasi na farko yake. Duk abin da aka mayar da shi maimaici zalla, inji zai ƙwace shi daga hannun mutum, domin inji ya fi sauri kuma ya fi araha. Wanda bai taɓa ganin Kogin Nilu ba zai iya zuba roba a cikin mazubi ya fitar da fuskar Tutankhamun dubu a yini. Mu da muke rubutu a zamanin da manhajar waya ke iya haɗa labarin soyayya cikin minti ɗaya, ya kamata wannan ya sa mu tsaya mu yi tunani.

Wani zai ce, to ina laifin talaka mai neman abincinsa? Wannan magana tana da ƙarfi, kuma ba mu raina ta ba. Mai sassaƙa dutse a yammacin Luksor da mai fenti a Ƙaramus iyali suke ciyarwa. A 2010 baƙi kusan miliyan 14.7 ne suka shiga Masar, a 2011 da aka yi juyin juya hali suka ragu zuwa kimanin miliyan 9.8, kuma masu sana'ar hannu suna cikin waɗanda suka fara jin jiki. Ban da haka, ba don kuɗin baƙi ba da takardar bardi ba ta dawo duniya ba. Kwaikwayo ma kansa makaranta ce. Masu zanen zamanin Fir'auna sukan ja layuka a bango su raba tsayin mutum gida 18 daga tafin ƙafa zuwa goshi, kuma almajiri sai ya bi wannan ƙa'ida kafin a ce ya iya. Amma a ƙauyen Deir al-Madina, inda ma'aikatan kaburburan sarakuna suka zauna, an tono ɓaraguzan duwatsu da na tukwane masu ɗauke da zanen da suka yi don nishaɗin kansu, har da kyanwa tana yi wa ɓera hidima. Waɗanda ake kwafa ɗin ma ke nan sun san ƙa'ida, kuma sun san lokacin da za su ajiye ta su zana abin da ke ransu. Abin da muke suka shi ne mutum ya shiga makarantar kwaikwayo ya ƙi fita har tsufa.

Akwai wurare biyu a Masar ɗin da suka nuna wata hanya. Na farko shi ne layin masu ɗinkin tanti, Khayamiyya, kusa da ƙofar Bab Zuwaila, a wata rufaffiyar kasuwa da Ridwan Bey ya gina a ƙarni na 17. Aikinsu shi ne yanka ƙyallaye masu launi a ɗinke su da allura a kan wani yadi mai kauri, har zane ya fito. Da irin wannan ake kafa rumfunan biki da na zaman makoki da na buɗa-baki. Su ma yadin da inji ke bugawa ya cinye musu kasuwar rumfa, kuma tun ƙarshen ƙarni na 19 suke ɗinka hotunan Fir'auna don baƙi. Sai dai gwanayen cikinsu ba su tsaya nan ba. Sukan ɗauko furen bado daga bangon kabari, su ɗauko tauraro daga adon masallatan Mamluk, su ɗauko rubutun Larabci ko labarin Juha, su haɗa abin da babu shi a kowane gidan tarihi. Ka gan shi ka san na Masar ne, kuma ka san hannun mutum ɗaya ne ya yi shi.

Na biyu shi ne ƙauyen Harraniyya kusa da Giza. A farkon shekarun 1950 wani mai zanen gine-gine, Ramses Wissa Wassef, shi da matarsa Sophie, suka tara yaran ƙauyen suka koya musu saƙa. Ya kafa musu dokoki uku: ba a zana hoto a takarda kafin a fara saƙa, ba a kwaikwayon aikin wani, kuma manya ba sa tsoma baki da gyara ko suka. Zaren ma da tsirran lambun wurin ake rina shi, ciki har da baba irin wanda aka san marinar Ƙofar Mata da shi. Yaran ba su saƙa fuskar Nefertiti ba. Sun saƙa abin da ke gabansu: dabino, agwagi, jakuna, mata a bakin ruwa, ranar kasuwa. Aikinsu ya shiga gidajen tarihi a Turai, cibiyar kuma ta samu lambar yabo ta Aga Khan a fannin gine-gine a 1983. Masu zanen kaburbura ma ai noma da kamun kifi da kiwon zamaninsu suka zana. Don haka yaran Harraniyya sun fi kusa da su fiye da mai kwafar zanensu layi da layi.

Yanzu mu dawo gida. A rubutun Hausa ma akwai abin da za mu kira rubutun tsaraba. Shi ne labarin da aka cika shi da kalangu da rawani da dagin Arewa da karin magana a kowane sakin layi, don alƙalin gasa ko baƙo ya ce lallai wannan al'ada ce, alhali babu mutum ɗaya mai rai a ciki. Shi ne kuma labarin da ke yawo a WhatsApp wanda aka zubo daga mazubi ɗaya da ɗari da suka gabace shi: attajirin saurayi mai girman kai, marainiya mai haƙuri, kishiya mai bin bokaye, sunaye kawai aka canja. Na farko yana sayar wa baƙo hoton da ya riga ya zo da shi, na biyu yana sayar wa ɗan gida abin da ya saya jiya. Dukansu takardar ganyen ayaba ce, ana naɗewa take karyewa.

Aro ba laifi ba ne. Abubakar Imam ya ɗebo labarai da dama daga littattafan Larabawa da na Turawa ya zuba a Magana Jari Ce, amma ya san abin da ya ara ciki da waje, ya sake gina shi da mutanen da mai karatu zai rantse ya san su. Najib Mahfuz, wanda aka haifa a unguwar Jamaliyya dab da kasuwar da muka fara da ita, ya soma ne da littattafai uku a kan zamanin Fir'auna tsakanin 1939 da 1944. Daga nan ya juya ga lungunan da ya tashi a ciki, ya rubuta littafi mai sunan kasuwar kanta, Khan al-Khalili, sannan Zuƙaƙ al-Midaƙ a 1947, a kan masu gahawa da wanzamai da 'yan haya. Labaran Alƙahirar zamaninsa ne duniya ta fi saninsa da su, har ya zama marubucin Larabci na farko da ya samu kyautar Nobel a 1988.

Mun san da yawa a cikinmu ba za su ajiye mutum-mutumin gumakan Masar a ɗaki ba saboda addini, kuma wannan magana ce ta malamai. Wanda zai yi tsaraba yana da zaɓi mai yawa ban da su: ɗinkin Khayamiyya, rubutun ayoyi a kan takardar bardi ta gaske, tukwanen ƙauyen Tunis da ke Fayyum. Shawararmu kawai ita ce ya tambayi wa ya yi, ya ɗaga takardar gaban haske, ya juya ɗinkin ya duba sawun allura, sannan ya biya mai hannu haƙƙinsa ba tare da ya taya da wulaƙanci ba.

Ga aikin wannan mako. Kowa ya ɗauko labarinsa na ƙarshe, ya ja layi a ƙarƙashin duk karin magana da duk kayan al'adar da ya ambata. A kan kowanne ya tambayi kansa: na san ma'anarsa da inda ake amfani da shi? Idan na cire shi, labarin zai rasa wani abu? Wanda bai ci wannan jarrabawa ba a goge shi. Sannan a rubuta shafi ɗaya bisa dokokin Harraniyya, a kan wani abu da ke layinku wanda ba ku taɓa ganinsa a littafin kowa ba: mai cajin waya, mai markaɗe, layin ɗiban ruwa da asuba. A turo nan kafin Juma'a, mu karanta wa juna.

Allah Ya ƙara mana basira, Ya yi wa alƙalumanmu albarka.