Kun Ga Ƙafar Daniel, Kun Manta Da Tsohon

Yau ba cigaban labari na zo muku da shi ba, faɗa na zo yi, sai a yi haƙuri da ni.

Hutun da ya wuce babban yarona ya dawo daga makarantar kwana da shatar bulala a gadon baya, siniyoyi ne suka zane shi don ya ƙi wanke musu kaya. Da na nuna wa kawunsa, sai ya kece da dariya ya ce, "Haba Yaya, ai namiji ne, ki kunna masa The Karate Kid ya koyi ramuwa." Wallahi maganar nan ta fi bulalar ƙona min rai, domin ni ma na kalli fim ɗin tun zamanin kaset, kuma na tabbata masu irin wannan magana ba su fahimce shi ba.

Fim ɗin ya fito a 1984 a Amurka. Daniel yaro ne marar uba, ya taso daga Newark da mahaifiyarsa suka koma Los Angeles, inda wasu ɗaliban karate ƙarƙashin Johnny suka sa shi a gaba da duka. To wa ya cece shi? Mista Miyagi ne, tsoho ɗan asalin Okinawa mai gyare-gyare a gidan hayarsu. Ku dubi abin da tsohon nan ya yi tun kafin a zo batun koyon faɗa. Ya gyara masa kekensa ba tare da an roƙe shi ba. Daren da suka taru a kansa ya shiga tsakani da jikinsa. Sannan ya taka har wajen malaminsu Kreese, ya sa aka dakatar da dukan har zuwa ranar gasa. Bayan haka ne ya sa shi goge motoci da fentin shinge, yana koya masa haƙuri da kare kai.

A cikin masu cewa "ka rama", wa ya taɓa taka ƙafa zuwa makarantar ɗansa? Wa ya zaunar da shi ya ji damuwarsa? Ai wannan nasihar taku ta Kreese ce, wanda ya koya wa yara cewa tausayi rauni ne, har ya umarci ɗalibinsa ya ji wa Daniel ciwo a ƙafa. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, amma duk azzalumin yaro akwai babban da ya ɗaure masa gindi.

Shi ma fim ɗin ban kyale shi ba. An rufe shi da cin kofi, haka aka maimaita a na 2010 da Jackie Chan ya fito. To yaron da ba zai taɓa cin kofi ba fa, shi ke nan sai a ci gaba da jibgarsa? Mu marubuta ma muna da wannan laifi, kullum sai wanda aka zalunta ya yi kuɗi sannan mu ba shi mutunci.

Ni dai na yafa mayafina na je makarantar da kaina, na ga shugabanta, an kira yaran da iyayensu. Kawun nasa kuwa har yau bai tambayi yadda aka ƙare ba.

Allah ya shirya mana zuri'a. Sai mun haɗu a cigaban labarinmu.