Mai Haɗa Manhaja, Ka Daina Tara Kalmomin Sirrin Jama'a

Kusan duk matashin da ke riƙe da wayar Android ya saba da wannan. Ya sauke sabuwar manhaja, ya buɗe, sai ta ba shi zaɓi biyu: ko dai ya cike fom, ya rubuta suna da imel, ya ƙirƙiri sabuwar kalmar sirri, ko kuma ya danna maɓalli ɗaya mai tambarin Google ya wuce ciki. Yawanci na biyun ake dannawa, saboda ya fi sauri. Kaɗan ne ke tsayawa su tambayi abin da ke faruwa cikin 'yan daƙiƙoƙin nan.

Tambayar ta ƙara nauyi yanzu da matasa a Kano, Kaduna, Jos da Maraɗi ke koyon haɗa manhaja da kansu, wani ta kasuwanci, wani ta makaranta, wani ta adashi. Da yawansu da shafin shiga suke farawa, su kuma rubuta shi daga tushe, don su nuna sun iya. A nan kuskuren yake. Ƙofar shiga manhaja ba wajen gwada ƙwarewa ba ce. Duk mai ƙaramar manhaja ya kamata ya bar wannan aiki ga tsarin shiga da asusu ɗaya, ya kuma haɗa shi ta hanyar laburaren da masana suka rubuta suke kula da shi. Shi ma mai waya akwai nasa nauyin, domin wannan sauƙin da farashi yake zuwa.

Me ke faruwa idan an danna maɓallin?

A ɗauki misalin mutumin da ya je neman wani abu a ofis, aka ce ba a san shi ba, ya kawo shaida. Ba mabuɗin ɗakinsa zai miƙa musu ba. Wajen mai unguwa zai je, wanda ya san shi, ya karɓo takarda mai hatimi da ke cewa lallai wane ne. Ofis ya duba hatimin, ya gamsu, shi ke nan.

Haka tsarin yake. Manhajar tana tura mai waya wajen Google, ko Microsoft, ko Apple. A can yake tabbatar da kansa, a kan sabobin kamfanin. Kamfanin sai ya ba manhajar wani tikiti na dijital mai sa hannu, wanda ke ɗauke da lambar shaidar mutumin, da sunansa, da imel ɗinsa idan ya yarda. Kalmar sirrin kuwa ba ta taɓa shiga hannun mai manhajar. Tikitin Google ma awa ɗaya yake yi ya mutu.

Wannan ba dabarar kamfani ɗaya ba ce. Ƙa'idoji ne a buɗe: OAuth 2.0, wanda aka fitar a 2012, shi ke tsara yadda ake ba manhaja izini, sai OpenID Connect na 2014 da aka ɗora a kansa don tabbatar da ko wane ne ke shiga. Laburare kuwa rubutaccen kod ne da aka riga aka gama, aka gwada, mai haɗa manhaja ya ɗauko ya jona a tasa. Akwai AppAuth na gidauniyar OpenID, akwai MSAL na Microsoft, akwai Firebase Authentication da Credential Manager na Google.

Ajiye kalmar sirri amana ce mai nauyi

Wanda ya buɗe rumbun adana kalmomin sirri ya ɗauki amanar da manyan kamfanoni ma ta kayar da su. A 2012 aka yi wa LinkedIn kutse, kalmomin sirri kimanin miliyan 6.5 suka bazu a intanet, daga baya a 2016 aka gano adadin ya haura miliyan 100. A watan Maris na 2019 Facebook ya amsa cewa ya ajiye kalmomin sirrin ɗaruruwan miliyoyin mutane a rubuce ƙarara, ba tare da an sakaya su ba, abin da ya jawo hukumar kare bayanai ta ƙasar Ireland ta ci kamfanin Meta tarar Yuro miliyan 91 a 2024. Idan masu dubban injiniyoyi sun yi tuntuɓe a nan, ina ga matashi ɗaya da ke aiki da dare bayan ya taso daga kasuwa?

Abin da ya fi muni shi ne ɗabi'ar jama'a. Mutane da yawa kalmar sirri ɗaya suke sa wa ko'ina, galibi lambar waya ko shekarar haihuwa ko sunan ɗa. Saboda haka idan rumbun ƙaramar manhajar sayar da atamfa ya fashe, ba asusun atamfar kaɗai ya tafi ba. Ɓarawon zai gwada kalmar a Facebook, ya gwada a imel, ya gwada a manhajar banki. Ga kuma doka: tun watan Yunin 2023 Najeriya ke da dokar kare bayanan jama'a, wadda ta ɗora wa duk mai tara bayanan mutane alhakin tsare su. Abin da ba a ajiye ba, ba a sace shi.

Me ya sa sai da laburare?

Wani zai ce, to ai ƙa'idojin a buɗe suke, me zai hana mutum ya karanta ya rubuta nasa? Amsar ita ce ramukan da ke cikinsu ba sa ganuwa. Manhaja za ta yi aiki lami lafiya, kowa na shiga, alhali ƙofar baya a buɗe take.

Rami na farko shi ne wurin da ake buɗe shafin shiga. Sabon mai koyo yakan buɗe shafin Google a cikin tagar da ke jikin manhajarsa. Irin wannan taga tana ba mai manhaja damar ganin duk abin da aka rubuta a ciki, har da kalmar sirri. Shi ya sa tun 2017 Google ya toshe shiga ta wannan hanya, kuma ƙa'idar da aka fitar a shekarar ta ce a yi amfani da burauzar wayar. Laburare mai kyau haka yake yi tun farko.

Na biyu shi ne satar lambar izini a hanya. Idan mai waya ya gama tabbatar da kansa, ana dawo da wata gajeriyar lamba zuwa manhajar, kuma muguwar manhaja da ke cikin wayar tana iya tare ta. Maganin shi ne PKCE, wanda aka fitar a 2015. Kamar a yaga takarda gida biyu ne, a miƙa rabi tun farko a riƙe rabi; wanda bai zo da ɗaya rabin ba ba za a ba shi tikiti ba. AppAuth da MSAL suna yin wannan da kansu.

Na uku shi ne duba hatimi. Tikitin da ya iso sai an tabbatar wane ne ya sa masa hannu, don wace manhaja aka yi shi, kuma ko lokacinsa ya wuce. A 2015 an gano cewa wasu laburarori suna karɓar tikitin da ya zo da iƙirarin cewa shi ba ya buƙatar sa hannu. Aka gyara, duk wanda ya sabunta nasa ya tsira. Wanda ya rubuta nasa shi kaɗai a ɗaki, wa zai gano masa irin wannan, wa zai gyara masa?

Sai dai laburare ba laya ba ne. Dole a duba tikitin a kan sabar manhajar, kada a yarda da abin da waya ta faɗa kawai. Dole a gane mutum da lambar shaidarsa ta dindindin, ba da imel ba, domin imel na iya canzawa; a 2023 masu bincike sun nuna yadda ake ƙwace asusu a manhajojin da suka dogara da imel ɗin da ke cikin tikitin Microsoft. Kuma dole a riƙa sabuntawa. Microsoft ya daina kula da tsohon laburarensa ADAL a 2023, wanda ya ci gaba da riƙe shi ya zauna da ƙofar da babu mai gyara ta.

Masu adawa ma suna da hujja

Gaskiya ne wannan hanya tana ɗaure ƙaramar manhaja a ƙugun babban kamfani. A watan Mayu da kuma Yulin 2020, matsala a laburaren Facebook ta sa manhajoji irin su Spotify da Pinterest suka riƙa mutuwa da zarar an buɗe su a iPhone. Ranar 4 ga Oktoban 2021 Facebook ya ɗauke na kimanin awa shida, masu shiga wasu manhajoji da shi suka tsaya cirko-cirko. A 2018 kuma masu kutse sun sace tikitocin shiga na mutane kusan miliyan 30 daga Facebook. Bayan haka, kamfanin da ke ba da shaidar yana sanin kowace manhaja mutum ke shiga. Duk waɗannan ba ƙarya ba ne.

Amma darasin da ke ciki shi ne kada a dogara da ƙofa ɗaya. A ba mutane zaɓi biyu ko uku, a bar su su haɗa fiye da ɗaya a asusu guda, a kuma fifita laburaren da ke bin buɗaɗɗiyar ƙa'ida, wanda za a iya sauya masa kamfani ba tare da rushe gini ba. Kuma a lura: duk waɗannan matsaloli an gano su, duniya ta ji, an gyara. Ɓarakar da ke cikin shafin shigar da mutum ɗaya ya ƙera, sau da yawa ɓarawo ne kaɗai ya san da ita.

Nauyin da ke kan mai waya

Idan asusu ɗaya ne ke buɗe manhaja ashirin, to wannan asusun ya zama mabuɗin gida gaba ɗaya. A nan ne wata al'ada da ta zama ruwan dare ke da haɗari: a sayi waya, a miƙa wa mai shago ko mai cajin waya ya buɗe Gmail, ya zaɓi kalmar sirri, wani lokaci ma ya sa lambarsa a matsayin ta dawo da asusu. Mai wayar ya tafi bai san imel ɗinsa ba, balle kalmar. Ranar da wayar ta faɗi ko aka ƙwace ta, komai ya tafi tare da ita, kuma mabuɗin na hannun wani.

Gyaran ba ya cin ko sisi. A canza kalmar sirrin, a tabbatar lambar dawo da asusu ta mai wayar ce kuma layin na aiki, tunda kamfanonin waya suna sake sayar da layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba. A kunna tabbatarwa mai mataki biyu, ko a koma ga shiga da zanen yatsa, wanda Google ya buɗe wa kowa a 2023. A leƙa sashen tsaro na asusun Google, a duba jerin manhajojin da aka ba izini, a cire waɗanda aka daina amfani da su. Kafin a danna amincewa kuma, a karanta abin da manhaja ke nema. Manhajar gyaran hoto da ke son karanta saƙonnin imel, ba shiga kaɗai take nema ba. Haka nan duk manhajar da ta ce a rubuta kalmar sirrin Gmail a cikin fom ɗinta, a rufe ta, a goge.

Ga matashi mai haɗa manhaja, ƙwarewa ba ita ce rubuta komai da hannu ba. Gwanin magini ba ya ƙera kwaɗo, mai kyau yake saye ya kafa shi daidai. Lokacin da za a ɓata ana ƙera shafin shiga, gara a zuba shi a abin da ya sa aka haɗa manhajar tun farko: ta yi sauƙi, ta yi aiki da ƙaramin data, ta yi magana da Hausar da mutane ke ji. Mutanen da suka sauke ta amana suka bayar, kuma hanya mafi sauƙi ta riƙe wannan amana ita ce kada a karɓi kalmar sirrinsu tun farko.